Fim ɗin tumakin yumɓu: me ya sa tsoho da yaro ke dariya tare?

Habu Mai Caji: Assalamu alaikum jama'ar zaure. Tambaya gare ni, musamman ga iyaye da malamai. A shagona nan Jahun, in ka cire wa'azi da fassarar Indiya, babu abin da ake cewa in tura a memori kamar "fim ɗin tumakin nan", wato Shaun the Sheep. Kuma ba yara kaɗai ba. Magidanci zai zo ya ce yara ne suka aiko shi, amma ana cikin turawa sai ka ga shi ne ya leƙo kan kwamfuta yana ƙyaƙyata dariya. Fim ne da ba a magana a cikinsa, ba Turanci ba Hausa, sai kukan tumaki da gunaguni. Katun na kwamfuta sun cika gari, sun fi shi launi da gudu, amma su babba ba ya zama ya kalla. To mene ne sirrin wannan?

Malama Bilki: Wa'alaikumus salam Yaya Habu. Ai ka ba kanka amsa. Rashin maganar shi ne ya jawo shi kusa da mu. Kakarmu ba ta jin ko "kam" na Turanci, amma ita ke faɗa wa jikokinta abin da zai faru gaba: "ku duba, yanzu karen nan zai shiga uku." Ba ta jiran kowa ya fassara mata. In fim na magana ne, ɗan makaranta ne ke gaba, tsohuwa tana baya tana tambaya. A wannan kuwa kowa daidai yake.

Sagir Ɗan Ringim: Ni fa ban yarda ba. Tom and Jerry ma ai ba a magana, kuma ya fi wannan motsi. Abu ne na zamanin da, ba su da kayan aiki ne shi ya sa suka yi da laka. Yau da kwamfuta cikin mako guda za a yi abin da ya fi shi.

Kawu Ɗanladi: Sagir ɗana, kai ba ka yi kiwo ba shi ya sa. Bari in gaya maka abin da ni nake gani a ciki. Wanda ya yi fim ɗin nan ya zauna da dabbobi ya ƙare musu kallo. Ka lura da lokacin da manomin ya leƙo ta taga: tumakin da ke tsaye da ƙafa biyu suna ɓarna, nan take kowace ta faɗi kan ƙafa huɗu, ta sunkuyar da kai tana tauna, ido a lumshe kamar ba ta san komai ba. Wallahi haka akuya take. Kana kallonta tana tuƙa a gindin turke, ka juya ka ɗauko bokiti, kafin ka waiwayo kanta na cikin buhun dusa. In ka daka mata tsawa ta tsaya cak, dusa a hanci, tana kallonka kai ne ma mai laifi. Sannan akwai babbar tunkiyar nan mai cin duk abin da ta samu, da ɗan ƙaramin da uwarsa ke bin sa, da yadda ɗaya in ta bi ta kafar shinge sauran duk sai sun bi ko da ƙofa na buɗe a gefe. Kowane garke akwai waɗannan. Ni dariyar da nake yi ta ganewa ce, na san su. Kyanwa da ɓera masu gudu ana maƙe su da guduma su miƙe, wannan ban san shi a gidana ba.

Sagir Ɗan Ringim: Kawu na ji wannan. Amma batun kayan aiki fa?

Nura (ɗalibi, Kano): Yaya Sagir, a nan kam ka yi kuskure, ba rashin kwamfuta ba ne. Shaun the Sheep a 2007 aka fara nuna shi a talabijin, lokacin katun na kwamfuta ya riga ya mamaye duniya. Zaɓi suka yi. Kamfanin sunansa Aardman, yana birnin Bristol a Ingila, abokai biyu ne suka kafa shi a 1972, Peter Lord da David Sproxton. Farkon abin da ya fito da su wani ɗan mutum ne na yumɓu mai suna Morph, a shirin yara na BBC a 1977. Daga baya Nick Park ya shigo, shi ne ya ƙirƙiro Wallace da karensa Gromit. Shi kansa Shaun a cikin fim ɗinsu ya fara bayyana, A Close Shave na 1995, yana ɗan tunkiya da aka yi wa aski bisa kuskure. Mutane suka so shi har aka ware masa nasa shirin.

Yadda ake yi kuma shi ne abin mamakin. Ana gina ɗan gida, ɗan shinge, 'yar gona a kan tebur. Dabbar kuma akwai ƙashin ƙarfe a cikinta mai gaɓoɓi don ta iya tsayawa. Sai a kafe kyamara, a ɗauki hoto ɗaya, a matsar da hannun dabbar ɗan kaɗan, a sake ɗauka, a ɗaga gira kaɗan, a sake ɗauka. Fim na sinima hoto 24 ne a kowace daƙiƙa, su kuma sau da yawa suna barin kowane motsi ya ci hoto biyu, wato sau 12 za a taɓa abin kafin a sami daƙiƙa ɗaya. Shi ya sa ma'aikaci zai wuni cur ya tashi da daƙiƙa biyu ko uku. Fim ɗin Nick Park na farko, A Grand Day Out, bai kai rabin awa ba, amma tun yana ɗalibi a 1982 ya fara shi, sai 1989 ya fito.

Hajiya Talatu: Innalillahi! Shekara bakwai a kan abin da bai kai rabin awa ba? Lallai mai haƙuri shi ke dafa dutse.

Nura (ɗalibi, Kano): Sosai Hajiya. Kuma in kika tsayar da fim ɗin Wallace kika duba fuskarsa da kyau, za ki ga shatin yatsun wanda ya murɗa shi. Ba sa gogewa gaba ɗaya, da gangan suke bari.

Malama Bilki: To wannan nake son Sagir ya duba. Ido ba ya ruɗuwa. Ko ba a gaya wa mutum ba, yana jin cewa abin nan yana da nauyi, akwai shi a zahiri, haske na gaske ne ke sauka a kansa. Yaranmu na aji uku da na nuna musu, tambayar farko da wani ya yi ita ce, "Malama, da me aka gina shi?" Ba su taɓa yi mini wannan tambayar a kan katun na kwamfuta ba. Sun gane hannu ne ya yi, don su ma suna gina shanu da raƙuma a bakin tafki.

Malam Isiyaku: Assalamu alaikum. Ban so in ɓata muku hira ba, amma shiru bai kamata ba. Abu biyu ke damuna. Na farko, wannan gina siffar mai rai ne da hannu, kuma mun san gargaɗin da ya zo a kan masu yin siffofi. Na biyu, akwai aladu a cikin shirin, ga kare yana shiga ɗaki yana zama kan kujera. Yaro abin da ya saba gani shi yake ɗauka daidai.

Malam Sani Limawa: Wa'alaikumus salam Malam. Damuwarka a kan hanya take, kuma gara da ka faɗa. Sai dai a haɗa da ɗaya ɓangaren. Ya tabbata a Bukhari da Muslim cewa Nana A'isha, Allah ya ƙara mata yarda, tana wasa da 'yan tsana tare da ƙawayenta a gidan Manzon Allah (SAW). A ruwayar Abu Dawud kuma har akwai doki mai fukafukai a cikin kayan wasanta, da ya tambaye ta ta ba shi amsa ya yi dariya. Daga nan ne malamai da yawa suka ware kayan wasan yara daga hanin. Akwai kuma waɗanda suka tsananta, musamman ga babba ya zauna yana sassaƙa cikakkiyar siffa. Saɓani ne sananne, kuma hukuncin kallo daban yake da hukuncin ginawa. Wanda zuciyarsa ba ta natsu ba ya tambayi malamin da ya amince da shi, kada mu yanke wa juna hukunci a nan.

Malam Isiyaku: Na gamsu da cewa akwai saɓani. Ni dai a gidana ina tare da masu taka-tsantsan. Batun aladun fa?

Hajiya Talatu: Malam, ni na zauna na kalla da jikokina don in san me suke gani. Aladun nan su ne miyagun shirin, maƙwabta ne masu zalunci da ƙazanta da son kai, kullum kuma su ke kwana a ciki. Babu yaron da ya taso yana son su. Karen kuwa na gaya musu al'adar mutanen can ce, mu namu na gadi ne da farauta, wajensa waje. Suka ce to. Abin da na fi tsoro ba shi ba ne. Na fi tsoron finafinan da ake tura wa yara a waya masu rawa da zagi da shigar banza, waɗanda ba za ka iya zama ka kalla da surukarka ba. Wannan kuwa ni da surukata da yara tabarma ɗaya muke zama, babu inda zan ce a rufe ido.

Goggo Uwani: Ni kukana daban ne. Tun da wayoyin nan suka shigo, wa ke zuwa ɗakina da dare a ce "Goggo ga ta nan ga ta nanku"? Da bayan sallar isha'i yara cike da tsakar gida. Yanzu duk sun dunƙule kan waya ɗaya. Ko fim ɗin ya yi kyau, ya ƙwace mini jikoki.

Malama Bilki: Goggo, wannan gaskiya ce mai ɗaci, ba zan musa ba. Amma ki gwada wani abu. Kowane kashi na shirin nan minti bakwai ne kacal. A kalli ɗaya, a kashe waya, ki ce wa yaro ya ba ki labarin abin da ya gani da bakinsa. Tunda babu magana a ciki, dole shi zai nemo kalmomin. Na gwada a aji, yaron da ba ya buɗe baki sai ga shi yana kwatanta yadda kare ya riƙe usur yana ƙirga tumaki. Daga nan ke kuma ki ɗora da taki tatsuniyar. Ai Shaun ɗin nan Gizo ne a rigar tunkiya: ƙarami mai wayo da ke juya manya.

Goggo Uwani: A'a 'yata, nan kam ban bi ki ba. Gizo makwaɗaici ne, wayonsa na cikinsa ne shi kaɗai, ko Ƙoƙi ba ya ragawa. Shi ya sa ƙarshensa yakan zama kunya, yara su koyi kada su zama shi. Tunkiyar nan da na gani tana jawo rigima, amma ita ke tsayawa ta gyara kafin mai gona ya farga, kuma ba ta barin 'yan uwanta a baya. Halinsu ba ɗaya ba ne.

Kawu Ɗanladi: Goggo ta faɗi gaskiya. Har karen ma, aikinsa ya tsare su, amma in ta ɓaci tare suke rufa wa juna asiri.

Sagir Ɗan Ringim: To na sassauta kan tumaki. Amma ku gaya mini, wannan barkwancin ya kai na marigayi Ibro? Mu fa namu ke sa mu riƙe ciki.

Habu Mai Caji: Allah ya ji ƙan Rabilu Musa. Tun rasuwarsa a 2014 har yau ana zuwa a ce in tura finafinansa. Amma Sagir, hanyarsu daban. Ibro rabin dariyarsa a harshe take: yadda zai murɗa magana, ya kwaikwayi Bagwari ko ɗan Daudu ko boka, ya saki baƙar magana. In ka kai wa wanda ba ya jin Hausa, rabi ya zube a hanya. Na yumɓun nan kuwa duk a jiki yake, shi ya sa ake kallonsa a tashoshin Larabawa da Japan da nan Jahun ba tare da an canza komai ba.

Nura (ɗalibi, Kano): Yaya Habu, bari in ƙara da Gromit, don a wurina shi ne ƙololuwar abin. Karen nan ba shi da baki kwata-kwata. Duk abin da zai faɗa da gira yake faɗa, da ido, da kunne. Ubangidansa Wallace mutumin kirki ne mai son cuku da ƙere-ƙere, kullum yana ƙera injin da zai sauƙaƙa masa aiki ya ƙare ya jefa su cikin masifa. Wallace zai yi ta zuba surutu yana yabon sabon injinsa, sai a nuno Gromit ya ɗan sauke gira ɗaya ya kalli gefe. Shi ke nan, ka gama fahimtar komai. Yaro na dariyar faɗuwar da za a yi, babba kuma na dariya don ya san zaman haƙuri da maigidan da ba ya jin shawara. Dariya biyu ce a wuri ɗaya, kowa da tasa.

A nemi The Wrong Trousers na 1993 a gani. Akwai wani tsuntsun ƙanƙara, fengwin, da ya zo haya gidansu, ashe ɓarawo ne. In zai fita sata sai ya kifa jar safar hannu ta roba a kansa ta zama kamar zankon zakara, kuma kowa ya yarda kaza ce. Fuskarsa ba ta motsi ko kaɗan, ido biyu ne kawai ƙanana baƙaƙe, amma in ya juyo ya kalli Gromit sai gabanka ya faɗi. A ƙarshe ana bin sa a kan jirgin ƙasa na wasan yara a cikin falo, layin dogo ya ƙare, Gromit ya ɗauki kwalin guntayen layi yana shimfiɗawa a gaban jirgin yana tafe a guje. Ka tuna duk wannan gudun hoto ɗaya-ɗaya aka ɗauke shi da hannu. Fim ɗin ya ci kyautar Oscar, A Close Shave ma ya ci, haka dogon fim ɗinsu na 2005. Chicken Run kuma na 2000, labarin kajin da ke shirin tserewa daga gona kafin a mayar da su abinci, ya tara sama da dala miliyan 200. Kuma ba su daina ba, a 2024 ma sun fitar da sabon Wallace da Gromit, ɓarawon tsuntsun nan ya dawo.

Hajiya Talatu: Na kajin nan na gani. Sai dai shi akwai magana, kuma akwai wurin da ƙaramar jikata ta tsorata da matar mai gonar. Ba na 'yan ƙasa da shekara biyar ba ne a ganina.

Anti Rabi: Ba wanda ya ambaci Pingu, shirin ɗan fengwin ɗin nan na yumɓu? Shi ne na yarintarmu da muka zauna a Kano. Ɗan tsuntsun nan da bakinsa ke miƙewa kamar kakaki in ya fusata.

Nura (ɗalibi, Kano): Anti, shi daga Suwizalan yake, Otmar Gutmann ne ya ƙirƙiro shi, aka fara nunawa a 1990. Yaren da suke yi ba yaren kowa ba ne, wani ɗan Italiya, Carlo Bonomi, shi kaɗai ya yi muryoyin duka a farkon shirin.

Anti Rabi: Ikon Allah. Amma wallahi muna gane komai. In uwarsa na masa faɗa ka san faɗa ne, in yana kishin ƙanwarsa ka gani a tafiyarsa. Ni dai abin da zan ce, Pingu yana da rashin ji, yakan yi tutsu da buga ƙafa. Wanda zai nuna wa ƙanana ya zauna kusa.

Sagir Ɗan Ringim: To in abin hannu ne da haƙuri, me ya hana mu yi namu? Yumɓu ai ba mu rasa ba.

Zulai 'Yar Mai Tukwane: Yaya Sagir, namu ba zai yi yadda kake zato ba. Na tashi a gindin innata tana ginin tukwane da tulu. Yumɓunmu da ruwa yake aiki, da ya sha iska ya fara ƙamewa. Lokacin hunturu kafin ka gama ƙafa ta huɗu ta farko ta fara tsagewa. In ka ce za ka lanƙwasa wuyan saniya bayan awa ɗaya, karyewa zai yi a hannunka. Sai dai a riƙa rufawa da jiƙaƙƙen tsumma ana yayyafa ruwa, kuma launinsa zai riƙa canzawa tsakanin jiƙe da bushe.

Nura (ɗalibi, Kano): Daidai ne Zulai. Su abin da suke amfani da shi Plasticine ne, wani malamin zane a Ingila, William Harbutt, ya haɗa shi a 1897. Da mai ake kwaɓa shi ba ruwa ba, shi ya sa ba ya bushewa. Ana samun irinsa a shagunan kayan makaranta a Kano. Matsalarsa a wurinmu zafi, a bazara zai yi laushi ya riƙa zubewa. Kuma ko su ba komai ne yumɓu ba, jikin tumakin ai ulu ne aka manna, wasu sassan kuma roba ce. Don haka kada mu takura kanmu. Kai da fuska a yi da Plasticine, jiki a yi da kara da tsumma da auduga, a sa siririyar wayar ƙarfe a ƙafafu. Gidaje da rumbu da katanga kuwa, nan ne yumɓun Inna zai yi aiki, tunda su ba a son su motsa.

Ɗauka kuma waya ta isa. Akwai manhaja mai suna Stop Motion Studio, tana nuna maka inuwar hoton baya don ka san iya inda za ka matsar. Sharaɗi biyu ne. Kada wayar ta motsa ko kaɗan, a ɗaure ta a jikin wani abu. Kuma kada a yi a rana, don inuwa na tafiya, fim ɗin zai riƙa ƙyaftawa. A shiga ɗaki a rufe taga a kunna fitilar sola. In za a yi hoto 12 a daƙiƙa, minti ɗaya hoto 720 ke nan, don haka a fara da daƙiƙa goma.

Malama Bilki: Nura, akwai wani fim na Aardman ɗin da ka taɓa ba ni labari, na gidan namun daji.

Nura (ɗalibi, Kano): Creature Comforts, 1989. Sun ɗauki muryoyin mutane na gaske suna maganar gidajensu da yanayin garinsu, sai aka sa a bakin dabbobin gidan zu. Shi ma ya ci Oscar, kuma abin da ya kayar har da A Grand Day Out na shi Nick Park ɗin.

Sagir Ɗan Ringim: Kai! Wannan ai namu ne. A je kasuwar Maigatari ranar Alhamis, a nemi izinin dillalai a ɗauki cinikinsu, "albarka", "ƙara dai", "wallahi ban sayo haka ba", a sa a bakin raƙumi da bijimi su ne ke cinikin mutum. Ni zan ɗauki nauyin muryoyin.

Malam Isiyaku: In har za ku yi, sharaɗina a nemi yardar duk wanda aka ɗauki muryarsa, kada a wulaƙanta kowa, kuma a cire rantsuwar. Sunan Allah ba na sawa a bakin abin wasa ba ne. Ginin kuma a bar wa yara.

Sagir Ɗan Ringim: An karɓa Malam, za a cire.

Zulai 'Yar Mai Tukwane: Ni zan gina rumbu da 'yar katanga da kwatarniya. Amma ku ba ni mako biyu su bushe a inuwa, in aka sa su a rana fashewa za su yi.

Malama Bilki: Zan yi wa shugaban makarantarmu magana ko zai ba mu aji ɗaya ranar Asabar. Nura, yaushe za ka shigo gida?

Nura (ɗalibi, Kano): Bayan jarrabawa in sha Allah. Zan taho da Plasticine ɗin da wayar ƙarfe. Yaya Habu, a tanadar mana fitila da abin caji.

Kawu Ɗanladi: In kuna son kukan tumaki na gaske, ku zo gidana da sassafe kafin a ba su dusa. Bayan sun ci ko ka roƙe su ba za su yi ba.